A Fim Dai Ya Tashi

Ƙaura Namoda, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashiyata Malama Rahma, a Shinkafi.

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Gwaggo da yaranki Samira da Anas. Yaya ƙafar Gwaggo? Baba ya ce ki gaya wa ƙanwarsa ta rage yawon biki, ƙafa za ta huce da kanta. Mu nan lafiya lau, sai zaman jugum da kowa ke yi.

Ki ga yadda Allah ya mai da mu! Tun da aka katse sabis ɗin waya, ni da na rabu da biro tun ina makaranta, ga ni ina rubuta wasiƙa kamar ɗan firamare. Kada ki bi ta da jan biro, na san halinki. Maigari direba ya ce duk ranar da ya yi lodin Shinkafi zai miƙa miki har gida.

Rahma, jiya na ga an shigo gari da damman sabon gero, sai Malami ya faɗo mini a rai. Shekara ke nan. Mijinki ne, amma ni abokina ne tun muna cin tuwo a kwano ɗaya. Lokacin da macijin ya sare shi a gonarsu ta Zurmi ina Kano ina riƙe wa wasu fitila a wurin ɗaukar fim, kafin in iso an rufe shi. Ban ɗauki makararsa ba, kuma abin nan yana cina har yau.

To, na yi niyyar yin fim ɗina na farko, a kansa. Ƙaramin abu ne, kyamara ɗaya da abokai 'yan kaɗan. Labarin tela ne mai noma da damina, mai dariya kamar tasa, wanda maciji ya sara ranar girbi. Ba zan sa sunansa ba, amma duk wanda ya san shi zai gane. Ina roƙon izininki, ina kuma roƙon aron abu uku: hularsa mai ruwan ƙasa, shuɗiyar rigar nan da ya ɗinka wa kansa, da 'yar rediyon da yake ratayawa a wuya in zai tafi gona.

In kin ce a'a, magana ta mutu. Amma na san baiwata ba ta ƙin umarnin ubangidanta.

Naki,
Zaharaddeen

Shinkafi, 19 ga Satumba

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun gode. Inna ta ce ka gaya wa Kawu shi ma ya rage goro, sannan ya yi mata wa'azi. Ƙafar da sauƙi. Anas ya yi zazzaɓi amma ya miƙe. Samira ba ta nan. Tun da aka rufe makarantu kakarta, Hajiyar Zurmi, ta aiko a kai mata ita ta ɗebe mata kewa, ban ga bakin hanawa ba.

Wai ubangida! Ubangidan da ya rubuta mini shafi guda da kuskure bakwai. Na ƙyale ka don babu jan biro a gidan.

Ga kayan nan na ba Maigari. Rigar ban wanke ta ba tun da ya cire ta, kai ma kada ka wanke. Rediyon sai ka ɗan buga mata gefe take magana. Da na ciro su daga akwati na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Na ba ka izini, don na san ba za ka wulaƙanta shi ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka faɗi gaskiya. Ka san sana'ata, kimiyyar halittu nake koya wa ɗiyan mutane, kuma finafinanku sun sha ba ni aiki. Yarinya ta taɓa yi mini gardama a aji wai in mutum ya manta kansa, sai a sake buga masa itace a ka ya tuno, don ta gani a fim. Kada ka ƙara mini wani aikin.

Ni kam ban ce zan kalla ba. Ganin mutuwarsa sau ɗaya ya ishe ni, zuciyata ba za ta ɗauki na biyu ba.

Ka gai da Kawu da mutanen gida.

Rahma

Ƙaura Namoda, 3 ga Oktoba

Malama Rahma,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Anas lafiya, ya dawo da Samira lafiya. Kaya sun iso. Alhassan, wanda zai fito a matsayinsa, da ya sa rigar ya ɗora hular ya juyo, wallahi sai da na fita waje na share ido.

Na karanta takardarki ya fi a ƙirga, kuma layi ɗaya ya tsaya mini a rai, inda kika ce zuciyarki ba za ta ɗauki mutuwarsa ta biyu ba. Na yi ta juya shi. Sai na ce, to ni wane ne da zan sake kashe miki shi? Allah ya riga ya yi hukuncinsa, ba mu ja da shi ba. Amma a fim ni ke riƙe da alƙalami. Na yage ƙarshen da na rubuta, na sake wani, kuma jiya muka ɗauke shi a wata gonar gero nan bayan gari.

Bari in ba ki shi, don kyautarki ce. Maciji ya sare shi, ya faɗi. Matarsa ta taho kawo masa fura, ta hango shi, ta yar da ƙwaryar ta sheƙo da gudu. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa ƙafa tamau. Ta zaro reza ta tsaga wurin, ta kafa baki ta tsotse dafin ta tofar, ta sake, ta sake. Rediyon tana gefe a ƙasa tana ta magana ita kaɗai. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Ke, ina furar tawa?" Rahma, har mai riƙe kyamara sai da ya yi hawaye.

Na san abin da za ki ce. Usmanu mai haɗa mini hoto ma ya ce ya taɓa jin likita a rediyo yana hana tsotsa. Na ce masa fim ba aji ba ne. In na nuna an sa mutum a mota ana ta tafiya, ana jiran likita, ana cike takarda, wa zai kalla? Mai kallo so yake ya ga hannun matar ya yi wani abu. Kuma ki duba halin da muke ciki. Kowace safiya labarin wanda aka kashe ko aka ɗauke. Mutanenmu sun ƙoshi da gawa, ki bar su su ga mutum ɗaya ya tashi, ko da na ƙarya ne. Kowa ya san fim fim ne.

Matar kuwa ke ce. Haka nake ganinki, mace mai tsayawa a kan nata. Wannan za ki iya kalla.

Ba sabis balle a ɗora a intanet, sai dai in kai wa masu tura finafinai a waya. In kina da magana ki aiko kafin ƙarshen wata.

Ubangidanki,
Zaharaddeen

Shinkafi, 6 ga Oktoba

Zaharaddeen,

Sallama. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Don girman Allah kada ka saki fim ɗin nan. Ba abin da nake nufi ke nan ba. Cewa na yi ni ba zan kalla ba, ban ce ka canja abin da ya faru ba. Laifina ne da ban taɓa ba ka labarin ranar ba. Na binne shi ne don kada zumunci ya lalace, yanzu dole in tone.

Kububuwa ce ta sare shi, wadda ake ce wa gobe-da-nisa. Aka kawo shi gidansu na Zurmi a kan babur, an ɗaure ƙafar da robar taya, yana magana, har yana yi mini ba'a wai in kwantar da hankalina, ba yau za a ci gadonsa ba. Hajiya ta aika aka kira wanzami, ya zo da askarsa da ƙahonsa zai tsaga ya zuƙe. Ni na tsaya a ƙofar ɗaki na ce ba mai sa masa ƙarfe. Ni, suruka, a gaban mazan gidan, na ɗaga murya a kan uwar mijina.

Ba taurin kai ba ne. Dafin kububuwa ba ya zama a bakin rauni yana jiran mai tsotsa, kafin ka sunkuya ya shige jiki. Aikinsa shi ne ya hana jini daskarewa. In ka tsaga, ƙofa ka buɗe, jinin zai yi ta zuba ba mai tsai da shi. Ɗaurin nan kuma ƙafar yake kashewa. Abin da ke ceton mutum shi ne a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a kai shi inda ake da allurar dafi, da wuri. Abin da na yi ke nan. Asibitin da muka fara zuwa babu allurar. Aka ce mu wuce gaba, direbobi suka ce ba mai bin hanyar da yamma ta yi. Washegari jini ya fara fito masa ta dasashi. A kan cinyata ya cika, a cikin mota, ba mu kai Gusau ba.

Ranar sadakar uku, a tsakar gida cike da mata, Hajiya ta nuna ni ta ce, "Wagga ita ta hana. Da ta bari an tsaga an zuƙe, da ɗana na nan. Boko ya ci mini ɗa." Ban ga laifinta ba, uwa ce. Amma Samira tana zaune a jikina, shekararta takwas, ta ji komai.

Wata da watanni na yi ina ɗinke abin da maganar nan ta yaga. Na zana mata jijiya a takarda, na nuna mata yadda jini ke gudu, na amsa tambaya ɗaya sau ɗari. Sai dab da azumi ta rungume ni ta ce, "Umma, na yarda kin yi ƙoƙari." Ka san abin da wannan kalma ta zame mini?

Yanzu kai za ka sa wa mutum rigar ubanta da hularsa, ka sa matarsa ta yi daidai abin da na hana, ya tashi ya nemi fura. Ka ce kowa ya san fim fim ne. Ɗiyata ba ta sani ba. Kuma tana Zurmi, a ɗakin Hajiya.

Ban hana ka ƙawata labari ba. Ka sa masa waƙa, ka sa ya fi yadda yake kyau, ka sa ruwan sama inda babu. Amma abin da mutum zai kwaikwaya ranar da nasa ke kwance, kada ka yi masa ƙarya a nan. In kana son ya rayu, ka sa allurar ta samu. Wannan ma ƙarya ce, amma ba ta kashe kowa.

Ka amsa mini da motar farko.

Rahma

Ƙaura Namoda, 2 ga Nuwamba

Taubashiyata,

Sallama, da fatan kuna lafiya, ke da Gwaggo da Anas. Wata guda ba takarda daga gare ki. Ban ga Maigari a tasha ba, an ce hanyarku ta sake lalacewa. Na jira har ƙarshen wata kamar yadda na ce, na ɗauka shirunki kunya ce, irin ta wanda aka yi wa kyauta ya rasa bakin godiya.

Albishirinki! Fim ya fita tun ranar Juma'a, kuma ya karɓu fiye da zatona. Masu turawa sun ce ba a taɓa neman fim ɗin ɗan gari haka ba. Da yake ba sabis, kowa memori yake cikawa, wannan ya tura wa wancan. Yara a unguwarmu in sun gan ni sai su ce, "Ina furar tawa?" Wani dattijo ya tare ni ya riƙe hannuna ya ce ya gode, ya daɗe bai

Rahma. Na ajiye biro a nan don Maigari ya yi sallama. Ashe an tare su a hanya, Allah ya kuɓutar da shi, motar ta yi makonni a gareji da takardarki a cikin aljihun gaba. Yanzu na karanta ta. Ban goge abin da na rubuta a sama ba, don ki ga irin wautar da nake ciki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini an kira wanzami, ba wanda ya gaya mini abin da Hajiyar Zurmi ta faɗa. Ni ma ban tambaya ba. Na zauna na tsara yadda ya kamata a ce ya faru, ban tambayi wadda ya mutu a cinyarta ba.

Na dawo, yanzu la'asar. Na zaga shagunan masu turawa ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge. Wasu sun goge a gabana don kunya. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Darakta, ruwan da ya zube a rairayi kake son kwashewa? Direbobi sun tafi da shi. Jiya wani ya ce ya gan shi a Jangeru, wani kuma har cikin Nijar." Na tambaye shi Zurmi fa. Ya ce Zurmi tun ranar farko.

Gobe zan tara su Alhassan mu sake ɗaukar ƙarshen yadda kika faɗa, da wanzamin, da tsayuwarki a ƙofa, da motar, da komai. Zan aiko miki, zan raba shi kyauta. Ban san ko zai yi amfani ba. Ki aika a ɗauko Samira, ko Allah ya sa ba ta gani ba.

Ban da bakin ce miki baiwa yau. Ki yafe mini.

Zaharaddeen

Shinkafi, 28 ga Nuwamba

Zaharaddeen,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai. Ƙafar Inna ta tashi kuma, Anas lafiya. Ina fatan Kawu yana lafiya. Na yafe maka tun ranar da na karanta takardarka. Na san don ni ka yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Samira ta dawo. Ta gani. A wayar ƙanin babanta suka kalla, gidan gaba ɗaya, kuma an ce da Alhassan ya buɗe ido Hajiya ta fashe da kuka tana cewa, "Kun gani ko? Har masu fim sun sani." Daga nan kullum sai an kunna mata. Samira ta haddace shi kamar karatun allo.

Da ta sauko daga mota ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa. Tana cin abinci, tana yin aike, ba ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya. Amma ta koma kwana ɗakin Inna, kuma ta daina tambayata komai. Yarinyar da ke hana ni sakat da tambaya.

Memorin da ka aiko ya iso, na gode. Na ce ba zan kalli mutuwarsa sau biyu ba, ga shi na kalla. Ka yi gaskiya, har yadda direbobin suka juya baya. Na zaunar da ita muka kalla tare. Ba ta motsa ba har ya ƙare. Sai ta ce, "Wannan ke kika sa Kawu Zaharaddeen ya canja. Na farkon shi ne nasa." Na ce mata na farkon ƙirƙira ce, kai da kanka ka faɗa. Ta ce, "To ai shi babu ruwansa, me zai sa ya yi ƙarya? Ke ce ke da dalili." Shekara tara, Zaharaddeen. A lissafinta kuwa ba ta yi kuskure ba.

Na tambayi mai shagon turawa na bakin kasuwa ko ana karɓar sabon. Ya ce mutane na cewa a sa musu wanda ya tashi.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na kalli na farkon, ni kaɗai, fiye da sau ɗaya. Da rigar nan ta motsa ta miƙe zaune, na ji abin da ka so in ji. Ka iya aikinka. Da a ce ba ka iya ba, da ba mu shiga wannan ba.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya, na ji Anas yana dariya a bayan ɗaki. Na leƙa. Ta kwantar da shi a tabarma, ta ɗaure masa ƙafa da ɗankwalina, ta ɗiga masa ɗigo biyu da biro a idon sawu. Tana kafa baki tana tsotsa tana tofarwa, shi kuma yana jin cakulkuli. A gefenta ga reza sabuwa, ba a ko cire ta daga takarda ba. Ta ce mini tun Zurmi take ɗauke da ita a jakar Islamiyya.

Na karɓe rezar, na kwance yaron. Ban daka mata tsawa ba. Na ce, "Samira, mene ne haka?" Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Koyo nake, Umma. In ya sari Anas, ni ba zan tsaya ina kallo ba."

An ce sabis ya fara dawowa. Kada ka kira, ka zo da ƙafarka ka zauna da ita, ka nuna mata yadda ake sa mutum ya mutu ya tashi a gaban kyamara. Wataƙila ta ji daga bakinka. Ka taho da hular da rediyon. Rigar ka bar ta wurinka tukuna.

'Yar gwaggonka,
Rahma